Kotunan Gundumar Allegheny ta Amurka: Tarihi da Fasalin Gini

A tsarin mulkin Amurka, kusan kowace jiha an karkasa ta gunduma-gunduma, kusan kowace gunduma kuwa tana da ginin kotu a babban garinta. A nan alƙalai ke zama, a nan kuma ake ajiye takardun filaye da na gado. Gundumar da za mu duba a wannan takarda ita ce Allegheny ta Jihar Pennsylvania, wadda aka kafa a 1788, hedikwatarta kuwa birnin Pittsburgh. Abin da muke son nunawa shi ne, fasalin kotunta ta uku ya samo asali ne daga wahalar da ta biyu ta sha.

Ta farko ba za mu daɗe a kanta ba. An gina ta a dandalin kasuwa a ƙarshen ƙarni na 18, gari ya bunƙasa ya fi ƙarfinta.

Ta biyu an kammala ta a 1841 a kan tudun Grant, bisa zanen John Chislett. Salon Girkawan da aka bi, watau manyan ginshiƙai a gaba da ƙubba a sama, domin a lokacin Amurkawa suna ganin wannan salo shi ya dace da mulkin jama'a. Amma dutsen da aka yi aiki da shi mai laushi ne, Pittsburgh kuwa gari ne na gawayin kwal da ma'aikatun ƙarfe. Hayaƙi ya yi ta cin bangon har ya riƙa ɓarewa. A watan Mayu na 1882 gobara ta ƙarasa shi.

Henry Hobson Richardson ne ya ci gasar zanen sabon gini. Aka soma aiki a 1884, aka gama a 1888, shekara biyu bayan rasuwarsa. Ya zaɓi dutse mai tauri daga Jihar Massachusetts, aka bar fuskarsa da kaushi, aka rage ƙananan sassaƙe-sassaƙen da baƙin hayaƙi zai ɓata. Kwarjinin ginin sai ya koma ga kaurin bango da manyan bakan gizo da doguwar hasumiya. Har wa yau ya kewaye tsakar gida da ɗakunan, yadda haske da iska za su riƙa shiga ta ɓangare biyu. A ganinmu wannan ita ce babbar hikimar ginin, a garin da rana kan dushe da tsakar rana saboda hayaƙi.

Gidan kurkuku yana baya, hanya ta raba su. Sai aka haɗa su da gada rufaffiya ta sama, kwatankwacin wata da ke birnin Benis na Italiya, don a kawo fursuna gaban alƙali ba tare da an ratsa da shi cikin jama'a ba. An rufe kurkukun a 1995, daga baya aka mai da shi kotun shari'ar iyali.

Wani abu kuma: wajen 1913 hukumar gari ta sassaƙe tudun don sauƙaƙa wa ababen hawa. Titi ya yi ƙasa, ɗakunan ƙarƙashin ƙasa suka fito fili, aka huda musu ƙofofi. Ta nan jama'a ke shiga yanzu, ƙasa da ƙofofin da Richardson ya tsara domin shiga.