Gwajin DNA wajen neman biza: me yake nunawa, me Shari'a ta ce?

 

Kwanakin baya da aka idar da La'asar wani dattijo ya ja ni gefe a ƙofar masallaci, ya ce, "Malam, yaron nan nawa da ke Amurka ya cika wa 'ya'yansa uku takardu. Yanzu ofishin jakadanci a Lomé sun ce a yi gwajin jini. To ka san ɗaya daga cikinsu ɗan marigayi wansa ne, tun da aka yaye shi yake hannunsa. Yaya ke nan?" Na ce, "Baba Alhaji, a takarda me aka rubuta?" Ya dube ni da mamaki, ya ce, "Ɗansa mana. Ai ɗansa ne."

A wajen riƙo da ƙauna, Alhaji bai yi ƙarya ba. Sai dai kalmar "ɗa" da muke faɗa a tsakar gida daban, wadda ke cikin takardar biza daban, kuma Shari'a ma tana da nata ma'aunin. Irin wannan tambaya ta yawaita tsakanin 'yan uwa a nan Cinkassé, da Dapaong, har Sokodé, shi ya sa na ga ya dace a warware ta a rubuce.

DNA wani rubutu ne da Allah ya ajiye a cikin ƙwayoyin jikin ɗan Adam. Rabinsa daga uwa yake zuwa, rabi daga uba. Masu gwaji ba sa karanta rubutun duka. Suna duba wasu wurare ne kamar ashirin inda mutane suka sha bamban, a kowane wuri yaro yana da alama biyu, ɗaya ta uwa ɗaya ta uba. In mutum shi ya haifi yaro, za a sami ɗaya daga alamominsa a jikin yaron a wuraren nan. In an rasa a wurare da dama, sai su ce ba shi ba ne. Mutane na cewa gwajin jini, amma yau ba a ɗibar jini: ɗan tsinke ne mai auduga ake goga wa a cikin kumatu, shi ke nan.

Tsakanin iyaye da ɗa gwajin yana da ƙarfi ƙwarai. Tsakanin 'yan uwa kuwa ƙarfinsa yana raguwa. Shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, sun haɗu a kusan rabi. 'Yan uba a kusan kashi ɗaya cikin huɗu, daidai da abin da ke tsakanin mutum da ɗan shaƙiƙinsa. 'Ya'yan wa da ƙani a kashi ɗaya cikin takwas. Ke nan gwajin zai ga ɗan riƙon nan na gidan Alhaji jininsu ne, amma zai ga ba ɗan cikinsa ba ne. 'Yan uwantakar shayarwa kuma, wadda Shari'a ta haramta aure da ita, ko kaɗan ba ta fitowa a gwaji.

Wani abin sha'awa, farkon inda aka yi aiki da wannan ilmi a duniya shari'ar shige da fice ce, kuma ta shafi maƙwabtanmu. Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester a Ingila ya gano hanyar a 1984. Hukumomin Ingila sun tsare wani yaro da ya dawo daga Ghana wajen mahaifiyarsa, suna zargin ba ɗanta ba ne, wani aka shigo da shi a madadinsa. A 1985 aka gwada shi da uwar da 'yan uwansa uku, ya fito ɗanta ne, aka bar shi ya zauna. Wato ranar farko gwajin nan uwa ya mayar wa da ɗanta.

To me ya sa ake yawan nemansa a wurinmu? Takardunmu ne ba su amince da su ba, kuma mu faɗi gaskiya, da hannunmu a ciki. Dokar Togo ta ba da kwana 45 a kai rahoton haihuwa a meri. Da yawa sai yaro zai zana jarrabawa ko za a yi masa fasfo ake tunawa, a je kotu da shaidu a karɓo takardar da ake kira jugement supplétif, wani lokaci a rage shekaru, wani lokaci a sa sunan mai riƙo a gurbin uba. Jami'in biza da ya ga an yi takardar haihuwar yaro mai shekara 15 wata biyu kafin neman biza, zai yi shakka. Amurka ma tana da abin da ya same ta: a 2008 ta dakatar da shirin haɗa 'yan gudun hijira da iyalansu bayan ta yi gwaji a wasu ƙasashen Afirka, ta ce ƙasa da kashi 20 cikin 100 na iyalan ne ta iya tabbatar da dukan dangantakar da suka faɗa (har da waɗanda suka ƙi gwajin aka lissafa cikin sauran). Da aka sake buɗe shirin a 2012, da sharaɗin DNA aka buɗe. A Yunin 2025 kuma Shugaba Donald Trump ya sa Togo cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, aka yi rangwame ga mata ko miji, da 'ya'ya, da iyayen ɗan ƙasar Amurka in suna da hujja bayyananna ta dangantaka, aka ambaci DNA da suna a matsayin misali. A Disamban shekarar aka sake fitar da wata sanarwa da ta ƙuntata wannan rangwame, ta kuma sa Burkina Faso da Nijar cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa. Don haka kafin ka kashe ko dala ɗaya, fara tabbatar da irin bizar da kake nema a buɗe take.

Ga yadda Amurka ke yi. Kada ka je ka yi gwaji da kanka ka ɗauko takarda ka kai musu, ba za su karɓa ba, kuɗinka ya tafi. Sai su ne suka ba da shawarar a yi. Ɗan uwanka da ke can shi zai zaɓi ɗakin gwaji cikin waɗanda ƙungiyar AABB ta amince da su, ya biya, ɗaruruwan daloli ne. Ɗakin gwajin zai aiko da kayan kai tsaye zuwa ofishin jakadanci, a kira ka, ka je da fasfo da hotuna, a goga audugar a gaban jami'insu. Sakamako ma daga ɗakin gwaji zai wuce hannunsu. Tsakanin iyaye da ɗa suna son tabbacin da ya kai kashi 99.5 cikin 100. Ba dole ba ne ka yarda, kuma yin gwajin ba alkawarin biza ba ne. Duk ɗan kamashon da ya ce maka yana da wanda zai "gyara" sakamako, aljihunka yake so.

Yanzu ga ɓangarenmu. A Musulunci nasaba tana tabbata da aure: yaron da aka haifa a shimfiɗar mutum, wata shida ko fiye bayan aure, ɗansa ne. Haka Annabi (SAW) ya hukunta a rigimar Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas da Abdu ɗan Zam'a, ya ba mai shimfiɗa yaron duk da ya ga kamannin wani a jikinsa. Kuma da wani mutum ya zo yana shakkar ɗansa saboda launin fata, Annabi ya tambaye shi launukan raƙumansa, ya nuna masa cewa kama tana iya fizgowa daga kakanni, bai ba shi izinin kore yaron ba. Amma Shari'a ba ta ƙi alama ta jiki ba: Nana A'isha ta ba da labarin farin cikin Annabi ranar da Mujazziz, gwanin gane dangantaka ta kama, ya dubi ƙafafun Zaidu da ɗansa Usama, fuskokinsu a rufe, ya ce jini ɗaya ne.

A kan wannan Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta gina fatawarta a zamanta na 16 a Makka, Janairun 2002. Ta halatta DNA inda ba a san nasaba ba kuma ana jayayya, ko jarirai suka cakuɗe a asibiti, ko yara suka ɓace a yaƙi ko annoba. Ta hana a kore nasaba da shi, ta hana a gabatar da shi a kan li'ani, ta kuma hana mutum ya ɗauke shi don ya bincika nasabar da ta riga ta tabbata. A fahimtata, wanda hukumar wata ƙasa ta nemi gwaji a wurinsa kafin ta haɗa shi da 'ya'yansa ba daidai yake da wanda waswasi ya kai shi ba. Duk da haka kada ka yi gaggawa. Ka fara tattaro sauran hujjoji, katin awon ciki, katin rigakafi, takardun makaranta, tsofaffin hotuna, rasiɗan kuɗin da aka riƙa aikowa, ka kuma zauna da malamin da ya san gidanka.

Dalili shi ne takardar nan tana iya zuwa da abin da ba a zata ba. In ta zo ta ce ɗan da aka haifa a cikin aurenka ba naka ba ne, biza ce ta faɗi, nasaba tana nan: sunanka ne a kansa, zai gaje ka, 'ya'yanka muharramansa ne. Ba a kore ɗa sai ta li'ani a gaban alƙali, kuma a mazhabar Malikiyya wanda ya san da ciki ko haihuwa ya yi shiru ba uzuri, balle wanda ya yanka ragon suna ya yi shekaru yana cewa ɗana, ba shi da wannan dama. Jefa wa uwar yaro kalmar zina a kan takardar gwaji ƙazafi ne. Ana musayar jarirai, ana kuskuren samfuri. Ko Faransa ta hango wannan fitina: da ta sa gwajin cikin dokarta ta shige da fice a Nuwamban 2007, ta taƙaita shi tsakanin uwa da ɗa kawai, a 2009 kuma minista Éric Besson ya ƙi sa hannu a fara aiki da shi.

Mu koma ga Baba Alhaji. Riƙon maraya aiki ne mai girman lada, amma Suratul Ahzab ta umarta a kira yara da sunan ubanninsu, kuma hadisi ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane. A nan dokar Amurka ba ta saɓa ba: wanda aka kama ya yi ƙarya da gangan don samun biza ana iya hana shi shiga ƙasar har abada, kuma shakkar tana shafar sauran yaran da suke nasa na gaskiya. Na ce wa Alhaji ɗansa ya nemi lauyan shige da fice a can kafin a goga wa kowa auduga, ya faɗa masa gaskiyar yaron. Dokarsu tana da ƙofa ga agola in an ɗaura auren kafin ya cika 18, da ga yaron da kotu ta mayar ɗan mutum a doka kafin ya cika 16 kuma suka zauna tare shekara biyu. Ko yaron nan zai shiga ta nan, lauya ne zai faɗa. In ana maganar kotu kuma, a tuntuɓi malam a kan yadda za a bar wa yaron sunan mahaifinsa.

Ga masu jego a gida yanzu: tun Janairun 2022 takardar haihuwa kyauta ce a Togo. Wanda zai sayo ragon suna ya biya ta meri cikin kwana 45 ɗin nan, ya rubuta sunan uban da ya haifa da ranar da aka haihu. Allah shi ne masani.