Kifin da Ake Kamawa a Mayar da Shi Ruwa

Kusa da birnin Harrisburg a jihar Pennsylvania ta Amurka, Kogin Susquehanna yana da faɗin da ya haura kilomita ɗaya, amma zurfinsa kaɗan ne, ƙasansa duk duwatsu. Irin ruwan da kifin bass mai ƙaramin baki yake so ke nan: garau, mai sanyi, mai gudu.

Masu fatsa kan fito tun da asuba, lokacin da kifin ke tasowa sama neman abinci. Wani a ƙaramin kwalekwale, wani ya tsunduma cikin ruwa har ƙugu. Ba taru ba koma, daga sanda mai lanƙwasa sai siririn zare da ƙugiya, sai kuma lasisin hukuma a aljihu. Abin da ake maƙalawa a ƙugiyar ma galibi na bogi ne, tanar roba ko wani abu mai kama da jatan lande, wanda kifin ke matuƙar so. Gwaninta tana wajen karanta ruwa. Bass ba ya wahalar da kansa da igiyar ruwa, sai ya laɓe a bayan dutse inda ruwa ya lafa, ya jira abinci ya zo wucewa. A nan gwani ke jefa ƙugiya. Rana na take tsaka kifin ya nutse cikin gurbi mai zurfi, sai la'asar ya sake fitowa.

Idan ya haɗiye ƙugiya, sai ya yi tsalle sama da ruwa yana fizga, kuma wannan kokawar ita ce abin da ya kawo mutumin. Da ya ciro shi, sai ya riƙe leɓensa na ƙasa, ya zare ƙugiya, ya auna tsawonsa, ya ɗauki hoto, ya sake shi. Masuncin Yawuri zai ce wannan aikin baban giwa ne.

Amma akwai dalili. A 2005 cuta ta hallaka ƙananan bass masu yawa a wannan kogin, har hukumar kifi ta jihar ta hana tafiya da su gida a wasu sassansa daga 2011. Namijin kifin ne ke gadin ƙwai a bazara, in aka ɗauke shi, wasu kifaye su cinye. Ita kuwa al'adar sakin ta bazu ne tun 1972, sa'ad da Ray Scott, wanda ya kafa ƙungiyar masu fatsar bass ta B.A.S.S., ya shigar da ita gasanninsa na kamun kifi.

Da can ba haka ake yi ba. A 1932, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, George Perry ya kama bass mai babban baki mai nauyin kilo 10 a jihar Georgia, nauyin da har yau yake kan gaba a kundin bajinta tare da wani da aka kama a Japan a 2009. Iyalinsa suka soya shi suka cinye.