Yadda Kaɗaici da Ƙwallafa Rai Suka Kai Hinckley Ga Harbin Reagan

Ranar 30 ga Maris, 1981, Shugaban Amurka Ronald Reagan na fitowa daga otal ɗin Hilton a Washington, sai wani matashi ɗan shekara 25, John Hinckley, ya buɗe wuta. Harsashi shida ya harba. Ɗaya ya daki motar shugaban, ya karkato ya shige shi ta ƙasan hammata har huhu. Wani harsashin ya sami kakakin fadarsa, James Brady, a ka, ya nakasa shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ba siyasa ce ta tunzura shi ba. Burinsa kawai ya burge 'yar fim Jodie Foster, wadda ya gani a fim ɗin Taxi Driver na 1976. Saurayi ne da ba shi da aboki, ba shi da aikin yi, kullum yana ɗaki shi kaɗai. Da Foster ta shiga Jami'ar Yale a 1980, ya bi ta har garin da jami'ar take, yana zura mata wasiƙu ta ƙasan ƙofa, yana buga mata waya. Ba ta kula shi ba, shi kuwa abin sai daɗa cin ransa yake yi.

Alamu sun bayyana tun da wuri. A Oktoban 1980 an kama shi da bindigogi a filin jirgin saman Nashville, a ranar da shugaban ƙasar na lokacin, Carter, yake garin, aka ci shi tara aka sallame shi. Daga baya likitan ƙwaƙwalwarsa ya shawarci iyayensa su daina tallafa masa don ya tsaya da ƙafarsa. Suka hana shi dawowa gida, 'yan makonni kafin harin.

A 1982 kotu ta wanke shi bisa dalilin taɓin hankali, aka tsare shi a asibitin St. Elizabeths har 2016.

Masana dai na jan kunne: mafi yawan masu taɓin hankali ba sa cutar da kowa, hasali ma su aka fi cuta. Haɗarin na tasowa ne idan ciwo ya gamu da kaɗaici, da ƙwallafa rai kan mutum ɗaya, ga kuma makami a kusa. Wanda ba ya zama da kowa ba shi da mai ce masa tunaninsa ya kauce. Shi ya sa ake son dangi su riƙe irin wannan mutum kusa, su kai shi asibiti da wuri, su kuma nesanta shi da makami.