Sauyin Yanayi da Matsalar Wutar Lantarki a Nijeriya

Wannan maƙala za ta duba yadda sauyin yanayi ke shafar wutar lantarki a Nijeriya. Hanyoyi biyu ne ƙasar ta dogara da su. Ta farko ita ce iskar gas, wadda ake turowa ta bututu daga yankin Neja-Delta zuwa tashoshi irin su Egbin a Jihar Legas, kuma ita ce ke samar da mafi yawan wutar. Ta biyu ita ce ruwan madatsun Kainji (1968) da Jebba (1985) da Shiroro (1990).

Kainji da Jebba suna kan kogin Kwara ne, wanda ya taso daga tsaunukan Gini. Ke nan, ƙarancin damina a can yakan rage wuta a nan. A shekarar 1985, saboda tsananin fari, kogin ya daina gudu a Yamai. Idan ruwa ya ja baya, nauyi yakan koma kan gas, kuma da zarar an fasa bututu, sai tashoshi su tsaya.

Tukunya ba ta zama kan duwatsu biyu. Dutse na uku shi ne hasken rana, wanda Arewa ke da shi a wadace.