Amosanin Gaɓɓai da Yadda Ake Jiyyarsa a Gida

Ƙofar Marke tana ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin Sakkwato, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. A tsofaffin unguwanni irin wannan, yawancin hidimar gida a ƙasa ake yin ta: murhu a ƙasa yake, a kan tabarma ake zama, a tsugune ake alwala, haka kuma ake kewayawa. Saboda haka idan gwiwa ta fara ciwo, kusan babu wani aiki da ba ya zame wa mai ita wahala. Abin da iyali suka saba yi kuwa shi ne su hana tsoho motsi, su ce ya huta. Tausayi ne ya kawo haka, amma sau da yawa hutun nan ƙara cutar yake yi.

Ciwon da Hausawa ke kira amosanin gaɓɓai, ko sanyin ƙashi, iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne na zaizayewar guringuntsi, watau farin abin nan mai santsi da ya lulluɓe kawunan ƙasusuwa a mahaɗarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi, mata sun fi maza, kuma gwiwa ya fi kamawa. Shi guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini. Daga ruwan da ke cikin gaɓa yake samun abincinsa, kuma sai an taka an ɗaga ruwan ke shiga yana fita, tamkar soson da ake matsawa ana saki. Har wa yau, naman cinya shi ne ke tallafe gwiwa. Idan aka daina aiki da shi sai ya yi rauni, nauyin jiki ya koma kan gaɓar da ta riga ta gaji. Ke nan mai kwanciya don gudun ciwo yakan tashi da gaɓa mafi sandarewa.

A nan ne aikin masu gashin ƙashi na asibiti ya shigo. Sunan da Hausa ta ba su bai cika ba, domin gashi kaɗan ne daga cikin aikinsu. Babban abin da suke koyarwa motsa jiki ne bisa ƙa'ida. A 1945 aka fara wannan sana'a a Nijeriya, a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Ikko, kuma akwai sashenta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sai dai zuwa asibiti na ɗan lokaci ne, jiyyar gaskiya a gida take.

Alal misali, mai ciwon ya zauna a tabarma ya miƙe ƙafa, a naɗe zane a sa a ƙarƙashin gwiwa, ya danna shi da ƙarfi har ya ƙirga goma, sa'an nan ya saki. Ya maimaita sau goma safe da yamma. Ko kuwa ya riƙa tashi daga kujera yana komawa a hankali ba tare da dafa kome ba. Tafiya zuwa masallaci ko kasuwa ita ma magani ce, muddin da takalmi mai laushi aka yi ta. Ma'aunin kuwa mai sauƙi ne: in zafin ya ƙaru, ya kuma wuce awa biyu bayan an gama, to an zarce, sai a rage gobe, ba a daina ba. A lokacin hunturu, gashi da tsumma da ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20 kafin a fara yana sassauta gaɓa. Mai ƙiba kuma ya sani, kowane kilo ɗaya da ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taki.

Ɗaya ɓangaren jiyyar bai shahara ba, watau gyara aikin yau da kullum don ya dace da mai ciwo. Maimakon a karɓe wa tsohuwa girki, sai a ɗaga mata murhu, a ba ta kujera mai tsayi a madadin 'yar tsuguno. A huda kujera a ɗora bisa masai, a kafa abin dafawa a bango. Baduku ko mai ɗinkin hula da yatsunsa suka fara tauri ya naɗa tsumma a ƙotar basilla don ta yi kauri, ya riƙa ɗan tsayawa yana buɗe hannu yana dunƙulewa. Sanda kuwa, a hannun da ba na ɓangaren ƙafa mai ciwo ba ake riƙe ta, abin da mutane da yawa ke yi a baibai. Batun salla ma malamai sun riga sun sauƙaƙe shi, domin wanda tsayuwa ko sujada ta gagara an yarje masa ya yi a zaune. Amma wanda ya koma kujera don salla kada ya mai da ita mazaunin yini.

Akwai inda dabarar gida ba ta isa. Idan ƙananan gaɓɓan hannaye biyu suka kumbura, kuma sandarewar safiya ta wuce awa guda, mai yiwuwa ɗaya nau'in ne, wanda garkuwar jiki ke afka wa gaɓɓai, kuma shi sai an fara magani da wuri kafin yatsu su karkace. Gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau tare da zazzaɓi, ta asibiti ce a ranar. Kada a gasa ta, kada kuma wanzami ya sa mata aska. Ciwon ƙashi na masu sikila shi ma dabam ne. Ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake saye a kemis ba da takardar likita ba, suna iya jawo gyambon ciki, su taɓa ƙoda idan aka daɗe ana sha, musamman ga tsofaffi da masu hawan jini.