Taimakon binciken magani: kafin mu kunce bakin zane, mu tambayi lissafi

Mu da ke aikin rediyo ba a raba mu da sanarwar neman taimako. Yau a ce mawaƙi wane zai yi wasa don marasa lafiya, gobe a ce ɗan ƙwallo wane ya buɗe asusu don yaƙi da wata cuta. Da mutane sun ji sunan da suke ƙauna sai zuciya ta yi sanyi, Alhaji ya sa hannu aljihu, Hajiya ta kunce bakin zane. Taimako abu ne mai kyau. Amma ina kuɗin ke zuwa bayan an kashe fitilu an naɗe tabarmi? Wannan salon tara kuɗi, har da sunansa na teleton, daga ƙasashen Turawa ya iso mana. Shi ya sa za mu duba abin da ya faru can, inda aka daɗe ana yinsa, aka ga daɗinsa aka ga ɗacinsa.

Mu fara da Faransa. A shekarar 1962 wani mutum mai suna Jacques Crozemarie ya kafa ƙungiyar ARC don tara kuɗin binciken ciwon daji, wato kansa. Shekara da shekaru yana fitowa a talabijin sanye da farar riga irin ta likitoci, alhali shi ba likita ba ne, yana roƙon jama'a su ba da abin da ya sawwaƙa. Miliyoyin mutane suka yarda da shi, har da tsofaffi masu ɗan kuɗin ritaya da waɗanda cutar ta kashe wa dangi. Da masu binciken gwamnati suka so duba takardunsa a 1990, sai ya kai ƙara kotu, aka dakatar da su.

Sai a 1991 aka yi dokar da ta ba Kotun Lissafin kuɗin ƙasa damar binciken duk ƙungiyar da ke roƙon jama'a. A watan Janairu na 1996 sakamakon ya fito: kashi 27 cikin 100 kawai na kuɗin ke isa wurin masu bincike. In mun mai da shi lissafin kasuwa, cikin kowace jaka guda, wato dala 200, dala 54 ce ke zuwa inda aka ce za ta. Sauran ta tafi talla da hidimar ofis da wasu kamfanoni da ke ƙara farashi bisa takarda, su kuma suna yi wa shugaban hidimar gidajensa. A shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar masa da ɗaurin shekara 4 a gidan kaso.

Ɓarnar ba ta tsaya kansa ba. Masu bayarwa da yawa suka janye hannu, har ƙungiyoyin da ba su ci ba ba su sha ba suka ji a jikinsu. Wake ɗaya ke ɓata gari. Kowace ƴar adashe ta san haka: in uwar adashe guda ta gudu da zubi, sai a yi shekara a unguwa ba mai son jin maganar adashe. Ita ARC sai da aka ɗora mata Michel Lucas, mutumin da ya jagoranci binciken farko, ya riƙa buɗe lissafi a fili, kafin jama'a su fara dawowa.

A Faransar dai akwai labari na biyu, mai wani launi. Ƙungiyar AFM iyayen yara masu ciwon shanyewar tsoka ne suka kafa ta a 1958. Ciwo ne na gado, yana cin ƙarfin yaro sannu sannu har ya kasa tafiya. A watan Disamba na 1987 suka yi teleton na farko, suna koyi da wanda ɗan wasan barkwancin Amurka Jerry Lewis ke yi tun 1966, shi ne ma babban baƙonsu a wannan shekara. Tun daga nan kowace shekara sai a ɗauko wani sananne ya zama uban biki, irin su Alain Delon da Yannick Noah, a yi awa 30 ana shiri a talabijin. A 2006 abin da aka tara ya haura yuro miliyan 100, wato sama da sefa miliyar 65.

Bambancin shi ne, a nan sanannen mutum kiran kasuwa kawai yake yi. Asusu yana hannun iyayen yaran, kuma ana iya nuna abin da aka yi da kuɗin. A 1990 suka buɗe ɗakin bincike mai suna Généthon, wanda a 1992 ya fitar da taswirar farko ta ƙwayoyin gadon ɗan Adam. Su ma ba su tsira daga suka ba. Kotun Lissafi ta yi musu gyara a 2004 game da wasu kuɗaɗen hidima, kuma a 2009 attajiri Pierre Bergé, shugaban wata ƙungiyar yaƙi da sida, ya zarge su da kwashe kyautar Faransawa su kaɗai. Amma takardunsu a buɗe suke, mai son dubawa ya duba.

Ko a nan ma akwai abin lura. Binciken Généthon na cikin abin da ya haifar da maganin Zolgensma, wanda Amurka ta amince da shi a 2019 don jarirai masu wani mugun ciwon tsoka. Kamfanin Novartis ya sa masa farashin dala miliyan 2.1 ta Amurka, allura guda, fiye da sefa miliyar ɗaya. Ke nan talakawa sun sa kuɗinsu tun a shuka, amma da amfani ya nuna, wani ne ke yanka farashi. Shekara 32 ke tsakanin teleton na farko da fitowar wannan magani. Duk wanda ya ce muku ku ba da kuɗi yau a samo magani baɗi, bai faɗa muku gaskiya ba.

Labari na uku daga Amurka yake, inda sanannen da kansa ne mai ƙungiyar. Lance Armstrong ɗan tseren keke ne da ya warke daga ciwon daji, ya kafa gidauniya a 1997, ya kuma ci gasar zagaye Faransa sau 7 a jere. Daga 2004 aka fara sayar da wani awarwaron roba ruwan ɗorawa da sunan Livestrong, dala ɗaya ta Amurka, aka sayar da wajen miliyan 80. Da yawa cikin masu saye sun ɗauka binciken magani suke biya, alhali mafi yawan aikin gidauniyar tallafa wa marasa lafiya ne da wayar da kai. Aiki ne mai kyau, amma ba shi mutane suka zata ba. A 2012 aka ƙwace nasarorinsa, a Janairu 2013 ya amsa da bakinsa cewa yana shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Kamfanin Nike ya janye, kuɗin shiga ya faɗi ƙasa warwas. Marasa lafiyar da gidauniyar ke taimako ba su yi laifin komai ba, amma su suka ɗauki asarar, domin an gina amanar bisa sunan mutum guda.

To jama'a, ku ne malaman wannan darasi. A babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, ba mai sayen buhun gero don dillali ya iya magana. Sai an soka an ga ƙwaya, sai an auna da tiya. Haka ya kamata mu yi wa mai neman taimako, komai sunansa. Wa ke riƙe da asusun, mutum guda ne ko kwamiti? Cikin jaka guda, dala nawa ke isa wurin aikin, nawa ke tafiya hayar zaure da kuɗin makaɗa? Kuɗin na bincike ne, ko na sayen magani, ko na wayar da kai? In an ce bincike ne, wace cibiya za ta karɓa? Muna da irin su a Yamai, kamar CERMES, ana iya zuwa a tambaya. Abin da aka tara bara, ina takardarsa, wa ya duba ta? Kuma in kun bayar, ku karɓi rasit.

Mu ma ƴan rediyo muna da namu nauyin. Bai kamata mu karanta sanarwar ranar tara kuɗi da murya mai daɗi, sa'an nan mu yi shiru ranar lissafi ba. Wanda ya zo da roƙo, ya dawo da bayani, a wannan zangon da wannan lokacin. Su kuma mawaƙa da ƴan wasa, sunansu jarinsu ne, su duba hannun da suke ara wa shi.

Kada wannan ya sa mu ƙulle hannu. Masu amosanin jini da masu ciwon daji suna nan cikin gidajenmu, suna bukatar taimako. Mai gaskiya ba ya fushi in an ce ya kawo lissafi, wanda ya murtuke fuska kuwa ya riga ya ba ku amsa. Allah ya sa albarka a nema, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.