Kansila Tsakanin Umarnin Jam'iyya da Amanar Ƙauyensa

Tun daga ran 24 ga Yuli 2004, sa'ad da Jamhuriyar Nijar ta yi zaɓenta na farko na ƙananan hukumomi 265, mutanen Madawa da Buza da Keita suka san wani irin wakili da ba su saba da shi ba, wato kansila, wanda ba gadon sarauta ya ba shi kujera ba, ba kuma gwamnatin Yamai ta naɗa shi ba, amma duk da haka, har zuwa 2024, da ƙuri'arsa ake tabbatar da kasafin kuɗin shekara, ake yanke ko rijiya za a gina a Galma ko rumfunan kasuwa a Sabon Gida.

Asalin mushkilar yana cikin tsarin zaɓen kansa. Kafin 2024, talaka jerin sunayen jam'iyya yake jefa wa ƙuri'a, ana kuma raba kujeru gwargwadon abin da kowace jam'iyya ta samu. Don haka wanda shugabanni suka sa a saman jeri ya san sarai hannun da ya ɗora shi, ya kuma san hannun nan yana iya sauke sunansa a zaɓe mai zuwa. Daga nan kansiloli su zaɓi magajin gari daga cikinsu, sau da yawa bisa ƙawancen da aka ƙulla a Yamai ko Tawa, inda a lokacin jam'iyyar PNDS-Tarayya ta daɗe da kafa ƙarfinta. To, idan zaman kasafi ya zo, magajin gari ya shimfiɗa lissafinsa gaban majalisa, ga sarakunan gargajiya zaune suna da ikon ba da shawara ba tare da ƙuri'a ba, sai ka ga kansilan da ya fito daga wani ƙauye na bayan duwatsun Adar yana bin shafukan da yatsa, yana neman sunan garinsu bai gani ba, alhali ya san mai gari ya bi gida gida ya tara harajin dala 140 a kan kowane baligi, har da wanda ya tafi cin rani. Idan ya ɗaga hannu tare da 'yan jam'iyyarsa, ya koma gida da kunya. Idan ya ƙi, kafin magariba an ce ya ci amanar jam'iyya, ko 'yan adawa sun saye shi.

Ba na musun cewa ɗa'a ga jam'iyya tana da hujjarta, domin majalisar da kowa ke jan akalarsa ba ta gina ko aji ɗaya, kuma an sha ganin ƙuri'ar tsige magajin gari ta tashi daga son zuciya da neman kwangila. Amma malamanmu sun bambanta fitina da nasiha, sun kuma karantar da cewa dukiyar baitulmali amana ce wadda maslahar jama'a kaɗai ke halatta taɓa ta. Tsarin mulkin 2010 ma, kafin a dakatar da shi a 2023, a kan 'yan majalisar dokoki, ya soke duk wani umarni na tilas a kan ƙuri'arsu, ya kuma bar wa wanda jam'iyya ta kora kujerarsa, sai wanda ya fita da kansa ne ke rasa ta. A ganina kansilan da ya ƙi kasafi saboda an mance da ɗakin shan magani na ƙauyensa ya fi cancantar wannan kariya, domin shi ne zai haɗu da masu biyan harajin a masallacin Juma'a da kasuwar Tamaske.

A watan Afrilu 2024 hukumar soja ta Janar Abdurahamane Tiani ta rusa majalisun ƙananan hukumomin nan duka, ta ɗora kantomomi a madadinsu, a watan Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa. Harajin dai ana ci gaba da karɓarsa a Karofan da Ibohaman, ba tare da zaɓaɓɓen wakilin da zai tashi ya tambayi inda aka kai shi ba.